Ciwon Damuwa: Alamominsa ga Matasa da Manya da Hanyoyin Magance Shi

Ciwon damuwa, wanda likitoci ke kira difireshan, yana cikin cututtukan da suka fi yawa a duniya, kuma yana cikin waɗanda ake jinkirin kai masu su asibiti. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta wallafa a shekarar 2023 sun nuna cewa kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da shi, kuma a cikin kowane baligi 100 ana samun kusan biyar da ke ɗauke da shi. A wani rahoto da ta fitar a 2017, hukumar ta ƙiyasta cewa masu ciwon a Najeriya sun haura miliyan 7, wato kashi 3.9 cikin 100 na al'ummar ƙasar a lokacin.

Ciwon yana da magani, kuma mafi yawan waɗanda suka samu kulawar da ta dace suna komawa karatunsu da sana'arsu da hidimar iyalinsu. Sai dai hukumar ta ce a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki, fiye da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon ba sa samun kowane irin magani. Ƙarancin ma'aikata da tsadar zuwa asibiti na cikin dalilai. Amma kafin a kai ga waɗannan, akwai dalilin da ke cikin gida: mara lafiyar da danginsa ba su san abin da ke damunsa ciwo ne ba. Magidanci a ce ya cika sa tunani a ransa, matar aure a ce son jiki ne, matashi a ce ya lalace, a haka watanni su shige.

Bambancinsa da damuwar yau da kullum

Kalmar damuwa a Hausa tana da faɗi. Wanda kuɗin haya ya sha wa kai yana cikin damuwa, haka wadda ɗanta ke kwance ba lafiya, haka ɗalibin da ke jiran sakamakon jarrabawa. Wannan damuwa ce da kowane mai rai ke shiga. Sanadinta a bayyane yake, kuma tana sassautawa idan sanadin ya kau ko aka samu mai ɗebe kewa. Mai irinta yana dariya idan abin dariya ya faru, yana jin daɗin abinci, yana fita nema.

Ciwon damuwa kuwa ƙunci ne da ke zaune a zuciya kusan duk yini, kusan kowace rana, har tsawon mako biyu ko fiye, ko kuma mutuwar sha'awar duk abin da mutum ke jin daɗinsa a da. Albishir ba ya faranta wa mai ciwon rai, lallashi ba ya ratsa shi, kuma ba zai iya fitar da kansa daga wannan hali da ƙarfin niyya kaɗai ba, kamar yadda mai ciwon suga ba zai saukar da sugansa da niyya ba. Wajen rarrabewa, likitoci kan duba tsawon lokacin da alamomin suka ɗauka, da yawan waɗanda suka haɗu, da yadda suka hana mutum tafiyar da rayuwarsa.

Alhinin rashi ma daban yake. Yakan taso ya kwanta, musamman idan aka tuna da mamacin, kuma mai alhini ba ya raina kansa. Idan alhini ya zarce ya koma ƙunci marar yankewa, da ganin kai ba a bakin komai ba, da fatan mutuwa, to ya kamata likita ya duba mutumin.

Alamomin da ake dubawa

Manyan alamomin ciwon guda tara ne:

1. Ƙuncin zuciya, ko jin rai babu daɗi, ko yawan kuka ba gaira ba dalili.
2. Rasa sha'awar abin da aka saba jin daɗinsa, kamar hira, ziyara, wasa, sana'a ko kusantar iyali.
3. Ƙin abinci da rama, ko yawan ci da ƙiba.
4. Kasa barci, ko farkawa tun kafin asuba a kasa komawa, ko yawan barci.
5. Gajiya da kasala ko da ba a yi wani aiki ba.
6. Nauyin motsi da magana, ko kasa zama wuri ɗaya, har na kusa su lura.
7. Raina kai, da ɗora wa kai laifin da bai taka kara ya karya ba ko wanda ba a aikata ba.
8. Kasa tattara hankali, mantuwa, da kasa yanke shawara ko a kan ƙaramin abu.
9. Yawan tunanin mutuwa ko na kashe kai.

A ƙa'idar da likitoci da dama ke bi, ana cewa mutum na da ciwon idan biyar daga cikin waɗannan suka haɗu na tsawon mako biyu, kuma ta farko ko ta biyu na cikinsu. Ciwon yana da matakai uku. A mataki mai sauƙi mutum na ci gaba da harkokinsa amma da ƙyar. A matsakaici aiki da karatu da hulɗa suna fara taɓarɓarewa. A mai tsanani mutum kan kasa tashi daga shimfiɗa, ya daina wanka, ya daina ci da sha, wani ma ya riƙa jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya gaskata cewa ya aikata laifin da ba a yafewa.

Yadda yake bayyana a jiki

A asibitocin Najeriya ba kasafai mai ciwon damuwa ke buɗe baki ya ce ransa a ɓace yake ba. Abin da ya fi kawowa shi ne ciwon kan da ya ƙi jin magani, zafi a tsakiyar kai, jin kamar wani abu na yawo a jiki, faɗuwar gaba, nauyin ƙirji, ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Waɗannan alamomi na gaske ne, mara lafiyar bai ƙirƙire su ba. Sai dai da yake ba a gano tushensu ba, sai a yi ta shan maganin maleriya da taifod da olsa, daga wannan kemis zuwa wancan, kuɗi su ƙare ciwo yana nan.

Tarbiyya ma na da nata tasirin. Ana yabon mai kawaici da zurfin ciki, har akan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Halaye ne masu kyau a muhallinsu, amma a gaban likita suna ɓoye abin da ya kamata a sani. Maza sun fi faɗawa wannan tarko. Maimakon kuka, ciwon kan fito musu ta hanyar saurin fushi, yawan faɗa a gida, ƙaurace wa majalisa, ko shaye-shaye.

Ciwon damuwa ga matasa

Hukumar WHO ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane yaro bakwai masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa da na fargaba suna sahun gaba. Kafin balaga, yara maza da mata kusan daidai suke wajen kamuwa. Daga balaga zuwa sama 'yan mata sun fi yawa.

Abin da ke rikitar da iyaye shi ne, a wajen matashi ciwon ya fi fitowa da fushi da ƙunƙuni fiye da kuka. Yaron da aka sani da ladabi sai ya koma mai tsawa da buga ƙofa. Makinsa ya faɗi, ya fara gudun makaranta, ya janye daga abokai, ya daina ƙwallon da ya fi ƙauna. Yarinya takan riƙa kukan ciwon kai ko na ciki kowace safiyar makaranta, ta kulle kanta a ɗaki, ta kwana riƙe da waya. Wasu kan ji wa kansu rauni a ɓoye su rufe da dogon hannun riga, wasu su shiga shan ƙwayoyi domin su samu barci ko su manta.

Gaskiya ne ƙuruciya na zuwa da sauyin hali. Amma sauyin da ya wuce mako biyu, aka gan shi a gida aka gan shi a makaranta, kuma ya raba yaro da abin da yake so, ya wuce ƙuruciya. Daga cikin abubuwan da kan tayar da ciwon a wannan shekaru akwai cin zali a makarantar kwana, tozartawa a kafofin sada zumunta, faɗuwa jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB, rabuwar iyaye ko rasuwarsu, fyaɗe, auren dole da ɗaukar ciki da ƙananan shekaru. Duka da horo ba sa warkar da shi, sai dai su ƙara tabbatar wa yaron abin da ciwon ke raɗa masa, cewa shi ba shi da wani amfani.

Masu ciki, masu jego da tsofaffi

Mata sun fi maza kamuwa da ciwon da kusan kashi 50 cikin 100, kuma fiye da kashi 10 cikin 100 na masu ciki da waɗanda suka haihu ba da daɗewa ba suna fama da shi. Mai jego da dama kan ji saurin kuka da rashin sukuni a kwanakin farko bayan haihuwa, abin da kan wuce da kansa kafin mako biyu. Idan ya zarce haka, ta kasa barci ko da jariri na barci, ta riƙa ganin ta gaza a matsayin uwa, ko ta ji ba ta shaƙu da jaririn ba, to ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma yana shafar shayarwa da girman yaron. Akwai kuma wani nau'i da bai cika faruwa ba, wanda ke samun mace ɗaya ko biyu cikin 1,000, inda mai jego ke rikicewa, ta riƙa surutai ko ganin abin da babu shi. Wannan lamari ne na gaggawa, a kai ta asibiti a ranar, kada a bar ta ita kaɗai da jaririn.

Ga tsofaffi kuwa, sau da yawa akan ɗauki ciwon a matsayin tsufa kawai. Dattijon da ya daina zuwa masallaci ko coci, ya rage cin abinci, ya cika mantuwa bayan ritaya ko rasuwar abokiyar zama, yana iya kasancewa da ciwon damuwa, kuma magani na yi masa aiki kamar yadda yake yi wa mai ƙananan shekaru.

Abin da ke jawo shi

Ciwon ba shi da sanadi guda. Gado na taka rawa, domin wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi ciwon ya fi wani yiwuwar kamuwa, ko da yake ba dole ba ne. Bayanin da ya yaɗu cewa ƙarancin wani sinadari guda a ƙwaƙwalwa ne ke haddasa shi ya taƙaita lamarin. Abin da masana suka fi karkata a kai shi ne, halittar mutum da abin da ya gani tun yana yaro da matsin da yake ciki yanzu ne ke haɗuwa su sauya yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa barci, ci, kuzari da jin daɗi.

Talauci, rasa aiki, bashi, mutuwar aure, duka a gidan aure, rashin haihuwa da kaɗaici duk suna ƙara haɗari. Haka nan waɗanda rikicin Boko Haram ko hare-haren 'yan bindiga suka raba da muhallinsu, da waɗanda aka taɓa yin garkuwa da su. Cututtuka masu daɗewa irin su ciwon suga, sikila, tarin fuka, cuta mai karya garkuwar jiki, daji da shanyewar ɓarin jiki sukan zo tare da shi, kuma shi ma yakan sa mara lafiya ya yi sakaci da maganinsu. Shaye-shaye kuma hanya ce mai zuwa da komowa: mai ciwon damuwa kan nemi mafaka a giya, wiwi, tiramadol ko kodin, su kuma su ƙara zurfafa ciwon. Duk da haka, ciwon na kama mai wadata da zaman lafiya ba tare da wani sanadi da ake gani ba.

Yadda ake gano shi a asibiti

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna ciwon damuwa. Ana gano shi ne ta hanyar tambayoyi, don haka ingancin binciken ya dogara da gaskiyar da mara lafiya da danginsa suka faɗa. Asibitoci da dama na amfani da wata takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, mai maki daga 0 zuwa 27, inda maki 10 zuwa sama ke nuna buƙatar zurfafa bincike. Likita kan iya neman gwajin jini domin ya tabbatar ba ƙarancin jini ba ne, ko ciwon suga, ko matsalar tayirod, wato ƙullin wuya da kumburinsa ke zama maƙoƙo, domin dukansu na kawo kasala mai kama da ta damuwa.

Akwai tambaya ɗaya da bai kamata a tsallake ba: ko mutumin ya taɓa shafe kwanaki cikin kuzarin da ya wuce kima, ba ya barci kuma ba ya gajiya, yana yawan magana, yana kashe kuɗi ba lissafi? Idan haka ta taɓa faruwa, to mai yiwuwa ciwon mai fuska biyu ne, wanda ake kira baifola. Maganinsa daban ne, kuma ba shi maganin damuwa shi kaɗai na iya tayar masa da ciwon.

Hanyoyin magani

Ana zaɓen magani ne gwargwadon tsananin ciwo da shekarun mara lafiya. A mataki mai sauƙi ba a fara da ƙwaya. Ana farawa da yi wa mara lafiya da iyalinsa bayanin ciwon, a nemi rage matsin da ke kansa, a mayar da shi cikin mutane, a tsara masa lokacin barci da na tashi, da motsa jiki kamar tafiyar ƙafa ta rabin sa'a a yawancin kwanakin mako. A matsakaici da mai tsanani ana amfani da maganin tattaunawa, ko ƙwayoyi, ko a haɗa biyun.

Maganin tattaunawa ya bambanta da nasiha ko hira. Tsari ne mai adadin zama, yawanci sau ɗaya a mako na tsawon wata biyu zuwa huɗu, tare da aikin da mara lafiya zai yi a gida. Wanda ya fi shahara shi ne CBT, wanda likitan nan na Amurka Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960. A cikinsa ana koya wa mutum ya kama tunanin da ke karya masa gwiwa, kamar cewa kowa ya tsane shi, ya auna shi da hujja, ya musanya shi da wanda ya fi kusa da gaskiya. Akwai tsarin da ke mayar da mutum kan ayyukan da ya bari kaɗan-kaɗan ba tare da jiran sha'awa ta dawo ba, domin sau da yawa aikin ne ke janyo sha'awar. Akwai mai gyara dangantaka bayan rashi ko saɓani, akwai kuma mai koyar da warware matsaloli ɗaya bayan ɗaya.

Bincike a Afirka ya nuna cewa ba sai ƙwararren likita kaɗai ke iya gudanar da irin wannan magani ba. A Zimbabwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna da masu damuwa a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna koya musu warware matsaloli, kuma sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna sun samu sauƙi fiye da waɗanda aka ba kulawar da aka saba. A Jihar Oyo, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun nuna cewa ma'aikatan cibiyoyin lafiya na matakin farko, idan aka horar da su kuma likita na duba aikinsu, suna iya kula da masu ciwon damuwa, har da masu ciki da masu jego.

Ƙwayoyin maganin damuwa da aka fi samu, bisa sunayen da ake rubutawa a kwalinsu, sun haɗa da fluoxetine da sertraline da amitriptyline. Akwai abubuwan da ya kamata mai shan su ya sani tun ranar farko. Ba sa aiki nan take, ana fara ganin sauƙi bayan mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci har shida. Illolinsu kan riga amfaninsu bayyana: tashin zuciya, ciwon kai, bushewar baki, jiri ko raguwar sha'awar jima'i, kuma da dama daga cikinsu na raguwa da kansu. Idan na farko bai karɓi mutum ba, likita na iya ƙara adadi ko ya canza wani. Bayan an ji sauƙi ana ci gaba da sha aƙalla wata shida, wasu ƙa'idojin ma sun ce tara zuwa goma sha biyu, domin ajiye magani da zarar an ji dama na ƙara haɗarin dawowar ciwon. Ƙwayoyin ba sa bugarwa kuma ba sa sa ƙishirwar ƙari irin ta kayan maye, amma ba a daina su kwatsam, likita ne ke rage su sannu a hankali. Amitriptyline na da haɗari sosai idan aka sha fiye da kima, kuma ba kowane mai ciwon zuciya ko tsoho ake ba shi ba, don haka ba maganin da za a saya a kemis ba ne don neman barci. Mai ciki da mai shayarwa su sanar da likita halin da suke ciki, kada su yanke magani da kansu.

Ga matasa ƙa'idar ta fi tsauri. Maganin tattaunawa da shigar da iyaye da makaranta cikin kulawar su ne matakin farko. Jagorar WHO ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 ƙwayoyin damuwa a ƙananan cibiyoyin lafiya, kuma ga waɗanda suka haura haka fluoxetine ake ba wa fifiko, ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Tun 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta sanya gargaɗi a kwalin waɗannan magunguna cewa suna iya ƙara tunanin kashe kai ga wasu yara da matasa a farkon sha, kuma a 2007 ta faɗaɗa gargaɗin zuwa masu shekara 24. Wannan ba dalilin ƙin magani ba ne, domin ciwon da aka bari ba magani shi ma haɗari ne. Abin da ake buƙata shi ne iyaye su riƙe maganin a hannunsu, su sa ido sosai a makonnin farko da duk lokacin da aka sauya adadi, su koma asibiti nan take idan suka ga rashin natsuwa ko maganar mutuwa.

Idan ciwon ya yi tsanani har mutum ya daina ci da sha, ko rayuwarsa na cikin haɗari, akan kwantar da shi. A irin wannan hali likitoci kan yi amfani da maganin lantarki da ake kira ECT, wanda a tsarin zamani ake yi bayan an sa mara lafiya barci da allura, kuma yana cikin hanyoyin da suka fi saurin aiki, ko da yake yakan kawo mantuwa ta wani lokaci.

Addu'a da magani

Iyalai da dama kan fara da malami ko fasto ko mai maganin gargajiya kafin asibiti. Addu'a da ibada da zama cikin jama'ar masallaci ko coci ƙarfi ne ga mai imani, kuma likitoci ba sa hana su. Matsalar na tasowa ne idan aka ce wa mara lafiya raunin imaninsa ne ya jawo masa, alhali ɗora wa kai laifi na cikin alamomin ciwon, ko aka sa shi ya ajiye maganin asibiti, ko aka ɗaure shi da mari ana duka da sunan fitar da aljani. Duk wani jiƙo ko gari da ake sha a sanar da likita, domin wasu na karo da ƙwayoyin asibiti.

Haɗarin kashe kai

Fiye da mutum 700,000 ne ke kashe kansu a duniya kowace shekara, kuma hakan na cikin manyan sanadin mutuwar masu shekara 15 zuwa 29. Alamomin haɗari sun haɗa da furta cewa gara a mutu a huta, ko cewa an zama nauyi ga iyali, rabar da kayan da ake ji da su, neman gafara da sallama ba tare da wata tafiya ba, da natsuwa kwatsam bayan dogon ƙunci. Wanda ya taɓa yin yunƙuri ya fi kowa zama cikin haɗari.

Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta dasa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Idan ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magungunan ƙwari da na gona da tarin ƙwayoyi da makamai daga inda hannunsa zai kai, a kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a ranar. Sashe na 327 na dokar manyan laifuka da ake amfani da ita a kudancin ƙasar da sashe na 231 na dokar Final Kod a arewa sun ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi mai hukuncin ɗaurin da zai kai shekara ɗaya. Likitoci sun daɗe suna kira da a soke wannan tanadi saboda yana sa iyalai su ɓoye mara lafiya, kuma Gwamnatin Tarayya ta bayyana aniyarta ta yin hakan. Ko ta halin ƙaƙa, tsoron doka bai kamata ya jinkirta ceton rai ba.

Inda ake samun kulawa a Najeriya

Ana iya farawa daga babban asibiti ko cibiyar lafiya mafi kusa, a faɗa wa ma'aikaci alamomin jiki da na zuciya gaba ɗaya, a nemi a tura mutum gaba idan da buƙata. Gwamnatin Tarayya na da asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, Kware a Jihar Sakkwato, Maiduguri, Yaba a Legas, Aro a Abeokuta, Benin, Enugu da Kalaba. A Kano akwai asibitin Dawanau, kuma asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da na Jami'ar Jos, da Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, duk suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Mafi yawan masu ciwon damuwa ba a kwantar da su, suna ganin likita ne su koma gida.

Babban ƙalubale shi ne ƙarancin ƙwararru. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha bayyana cewa likitocin fannin da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Wannan ne ya sa ake horar da ma'aikatan jinya da na cibiyoyin matakin farko a kan tsarin mhGAP, wanda WHO ta ƙaddamar a 2008. Tunanin kusanto da magani ga jama'a ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda daga baya ya zama mataimakin babban daraktan WHO, ya fara tsarin da marasa lafiya ke zama da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro suna zuwa karɓar magani da rana.

Ta fuskar doka, a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin mulkin mallaka. Sabuwar dokar ta tanadi kafa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusu na musamman, ta kuma haramta nuna wa masu irin wannan lalura wariya.

Abin da iyali za su yi

Mai ciwon damuwa ba kasafai yake kai kansa asibiti ba, domin ciwon da kansa ne ke gaya masa cewa babu amfani. Saboda haka nauyin ya fi komawa kan na kusa da shi. A saurare shi ba tare da katse shi da labarin waɗanda suka fi shi wahala ba. A raka shi ganin likita, a bayyana abin da aka lura da shi da lokacin da ya fara. A tuna masa da shan magani da ranar komawa asibiti, a riƙa jan shi zuwa cin abinci tare da jama'a da ɗan tattaki, ba tare da tilastawa ko gori ba. A rufa masa asiri, domin tsoron a ce ya taɓu, ko a fasa aurensa, ko ya rasa aiki, na cikin abin da ke hana mutane neman magani.

Ciwon na iya dawowa, musamman ga wanda ya taɓa yin sa fiye da sau ɗaya. Yana da kyau mara lafiya da iyalinsa su riƙe alamomin da suka fara bayyana a karon farko, ko rashin barci ne, ko janyewa daga mutane, ko saurin fushi. Da zarar an sake ganinsu sun ɗauki kwanaki, a koma wurin likita tun kafin su kai ga hana aiki ko karatu.